Unguwar da Sundus ta Zana

A garinmu, kudu da Basra, duk wanda ya gina ko da banɗaki ne cikin shekarun nan sai da ya bi ta teburin Sundus Abdurrazak. Doguwa ce siririya mai tabarau mai kauri, kuma ba ta iya tsayawa hira a rana. Ko gaisawa za ku yi, sai ta ja ka gindin bango tukuna. Ma'aikatan ofishin tsara gari suna ce mata Injiniya a gabanta, a bayan idonta kuwa Uwar Inuwa, kuma ta san da haka.

An haife ta a tsohuwar unguwa, bakin ƙorama, a gidan kakanta mai katangar jan bulo mai kaurin gaske. Mahaifinta masassaƙin kwale-kwale ne. Gidan yana da tsakar gida, da tagogin katako masu huda-huda da suka leƙo kan lungu. Idan rana ta take, sai kowa ya sauka ɗakin ƙasa ya miƙe, fanka guda ta ishi gida. Ba ta san wani abin arziki suke ciki ba sai da yaƙi ya zo, igwa ta fara sauka a unguwar, suka gudu wajen dangi a Nasiriyya. Da suka dawo suka tarar rufin ya rufta, mahaifin kuma bai daɗe ba ya rasu. Uwarsu Rajiha, wadda kowa ke kira Ummu Kahtan, ta kama musu haya a gidan bulon siminti, ita da Sundus da ƙanenta Kahtan. A nan yarinyar ta fara ɗora tafin hannu a bango bayan magariba, ta ji shi kamar gefen tanderu. Ta tambayi uwarta dalili, uwar ta ce, "Haka gidan talaka yake." Amsar ba ta gamsar da ita ba, kuma ana iya cewa saboda ita ta je jami'a ta karanta zanen gine-gine.

Ta taɓa samun manemi, wani likitan haƙori, amma shi hankalinsa yana ƙasar waje, Ummu Kahtan kuwa ta ce ko gawarta ba za ta bar kabarin mijinta ba. Ya tafi, Sundus ta zauna. Ba ta cika zancen ba.

Aikin ofis ba zane ba ne. Mutum ya kawo taswirar gidansa, ta duba ko ya ci hanya, ta sa hannu. Tana zaune a teburin nan gari ya faɗaɗa, aka sare gonakin dabino aka yanka filaye. Kowane gida akwatin siminti ne da gilashi a gaba, kowane akwati da na'urorin sanyi rataye a jikinsa suna fesa wa maƙwabci zafi. Wutar gwamnati ta zo ta ɗauke, injin ba da wuta na unguwa ya karɓa yana tari da hayaƙi. Wani lokaci takan kasa haƙuri.

"Abu Yasir, wannan tagar yamma take kallo. Ka rage ta, ranar la'asar za ta dafa ku."

"Injiniya, doka ce ko shawara?"

"Shawara ce."

"To Allah ya saka da alheri. Sa min hannu."

Ta haura shekara arba'in lokacin da aka ce daga Bagadaza an fito da sabuwar manufa: ƙasa za ta rage cin wuta, kuma daga yanzu za a riƙa tsara unguwanni yadda gini zai tare zafi da kansa. Aka tura ta horo a wani otal a babban birnin. Sanyin na'ura a zauren taron ya kai sai da ta aro mayafi ta ƙara a kan nata, amma ba ta damu ba. Duk abin da ta yi shekaru tana faɗa ana mata dariya, ga shi ana nunawa a allo, manyan mutane suna gyaɗa kai. A motar dawowa ta kasa zama wuri ɗaya.

Shugaban ofishinsu, Abu Zaidun, dattijo ne mai ciwon sukari, mutumin kirki wanda gajiya ta riga ta cinye. Ya kira ta ya zuba mata shayi da kansa.

"An ce kowace gunduma ta nuna aiki guda. Ga filin da aka ware wa malaman makaranta, na bayan tashar mota. Ki zana musu unguwa. Ke dai kin daɗe kina damunmu da inuwa, to ga rana nan, fili guda, ki yi yadda za ki yi da ita."

Waɗannan watannin su ne mafi daɗi a rayuwarta. Takan je filin da tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya fita, ta kafa sanda ta ga inda inuwa ke faɗawa. Ta shimfiɗa lunguna ƙanana su fuskanci iskar arewa, gidaje kafaɗa da kafaɗa kowanne yana kare ɗan'uwansa. Bango biyu ta ba kowane gida, da soson tare zafi a tsakani. Tagogin yamma ƙanana, rufi fari, kowane gida da 'yar tsakar gida da zafi zai bi ya fita sama. Motoci su tsaya a bakin unguwa ƙarƙashin rumfa, hanyar makaranta da ta masallaci kuma duk bishiya. Uwarta takan kawo mata shinkafa da miyar kuɓewa har kan tebur, abincin ya huce ba ta taɓa ba.

"Kahtan, zo ka ga yayarka, ta auri takarda."

Kahtan, wanda a lokacin yake koyar da tarihi a sakandare, ya leƙa zanen ya ce wa uwar tasu, "Yumma, ai gara takardar. Ita ba ta gudu ƙasar waje."

Ranar da aka kai zanen gaban kwamiti, jami'in kashe gobara ne ya fara magana.

"Injiniya, motata ba jaki ba ce. Ta ina za ta shiga wannan lungun?"

Ta nuna masa manyan hanyoyin da ta ratsa a tsakani, ta nuna cewa babu gidan da mesa ba za ta kai ba. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Na ji. Amma ƙa'idata ta faɗi faɗin titi, kuma ba a canza ta ba. Idan yaro ya ƙone a can ciki, ni za a kama ko ke?"

Mutumin sashen hanyoyi ya ce shi ma tasa dokar tana nan daram. Sabuwar manufa ta zo, amma ba ta soke ko layi ɗaya na tsofaffin dokoki ba. Sai wakilin malamai, Ustaz Falah, ya gyara zama. Shi ne ya fi ba ta wahala, don a hankali ya yi magana.

"'Yar'uwata, mutanen nan a lungu aka haife su, a lungu suka yi haya duk tsawon aikinsu. Yau Allah ya kawo gidan kansu, kuma lungu za a sake ba su? Malami yana so surukinsa ya zo ya tsaya da mota a ƙofar gida, ya ɗaga kai ya ga taga babba. Kada ki mayar da mu inda muka fito."

Da ƙarya yake yi da ta san abin da za ta ce.

Ta buga waya Bagadaza, aka yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan, har ta samu ɗaya daga cikin waɗanda suka yi musu jawabi a otal. Ya yaba mata ƙwarai. Ya ce irin su ƙasa take buƙata. Da ta tambaye shi wace doka za ta bi, tsohuwa ko sabuwa, sai ya ce su manufa suke tsarawa, aiwatarwa kuma aikin gundumomi ne, kuma yana da yaƙinin za su samu fahimtar juna.

Fahimtar junan ita ce aka faɗaɗa tituna. Da titi ya faɗaɗa, gidaje suka rabu da juna, inuwa ta tafi. Da aka ba kowane gida garejin mota, tsakar gida ta rasa wurin zama. Sannan ɗan kwangila ya zo, Hajji Jabbar, ƙato mai fara'a da carbi a hannu.

"'Yata, bango biyu? Gida muke ginawa ko kurkuku? Soson nan naki babu shi a kasuwa, sai an yo oda ta jirgi. Maginana ba su taɓa ganinsa ba. Kuma abin da aka ware na bango ɗaya ne, je ki tambaya."

Ta tambaya, haka ne. Waɗanda suka ware kuɗin aikin da tsohon ma'auni suka yi lissafi, don su ba a tura su otal ba.

Ta shiga wajen Abu Zaidun da zanen da ya rage, wanda ita kanta ba ta gane shi ba, ta ce ba za ta sa hannu ba. Ya cire tabaransa ya murza ido.

"Sundus, idan shekara ta ƙare ba a fara ba, aikin ya koma inda ya fito. Kin san Ustaz Hikmat da ya koya miki lissafi? Sunansa yana cikin masu jiran gida. Watan jiya aka binne shi, daga gidan haya aka ɗauki gawarsa. Nawa kike so su ƙara mutuwa kafin a gyara dokar gobara?" Sannan ya ce, "Na roƙar miki layi guda, can ƙarshen fili. Wannan a gina shi yadda kika zana. Iyakar abin da hannuna ya kai ke nan."

Ta sa hannu.

Bishiyoyin ma an dasa, kurna da dabino, don su suna fitowa a hoto. Amma a bazarar nan ruwan kogi ya ja baya, na teku ya hauro, famfo ya koma zubar da ruwan gishiri. Sashen lambuna ya ce ba a miƙa masa unguwar ba tukuna, ɗan kwangila ya ce shi ya gama nasa. Sundus ta riƙa sayen ruwan sha a jarka tana zuba wa waɗanda ke bakin layinta, tana kallon sauran suna bushewa. Daga baya nata ma suka bi su.

Ranar buɗewa aka kafa babban allo kore a bakin titi, aka rubuta cewa wannan unguwa ce ta gwaji mai tsimin wuta. Baƙi daga Bagadaza suka wuce titunan kwalta cikin motoci a rufe, aka sauke su a layinta, suka shiga lungun suka ce kai, lallai akwai sanyi. Nan aka ɗauki duk hotunan. Aka ba ta lambar yabo ta katako, aka tafa mata.

Da aka yi ƙuri'ar rabon gidaje, Kahtan ya samu nasa a kan babban titi, fuskarsa yamma, da taga mai faɗin ƙofar shago. Ya yi murna har da hawaye, matarsa Zahra ta yi guɗa. Ummu Kahtan ta ce ita wajen jikokinta za ta zauna, don haka Sundus ma ta tattara kayanta ta bi uwarta. Ta koma kwana a gidan da hannunta ke kan takardarsa. Idan la'asar ta yi, falon ya zama murhu, sai Kahtan ya ɗaga murya daga kan kujera.

"Zahra, kawo kifin nan mu gasa a jikin bango. Injiniya ta yi mana tsimin gas."

"Ba ni na zana wannan ba."

"To wa ya karɓi katakon?"

Wasa yake yi, kuma takan yi dariya. Amma lambar yabon ba ta taɓa rataye ta ba, tana ƙarƙashin gado.

Layinta ne abin da take riƙe da shi a zuci. Mutanen can suna kwana da fanka a lokacin da sauran unguwa ke rigima da mai injin. Sai a shekara ta biyu aka kawo ƙara ofis cewa wani gida a layin ya yi gini ba izini, aka tura ta dubawa. Gidan wata malamar firamare ce, Ummu Karrar, wadda mijinta ya rasu. Sundus ta shiga ta tarar an rufe tsakar gida da kwano, an mayar da ita ɗaki. An fasa bangon yamma an sa taga, an rataya na'urar sanyi. Gidan ya yi duhu, iska ta tsaya cik.

Matar ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo shayi da dabino.

"Injiniya, wallahi na san abin da na ɓata. Tsakar gidan nan ita ce jin daɗina. Amma ɗana Karrar zai yi aure, ba shi da aikin da zai kama haya. In sa amarya a ina? A kan rufi?"

"Za ku sha zafi, Ummu Karrar."

"Mun fara sha. Zafi dai ba ya hana aure, rashin ɗaki kuwa yana hanawa. Idan rushewa za ki sa a yi, ki bari a ɗaura tukuna."

Sundus ta shanye shayinta, ta yi wa ango fatan alheri, ta fita. A lungun ta ɗaga kai, ta ga wasu gidajen ma an tara yashi da bulo a ƙofa. Kowa yana da ɗa. Ta koma ofis ta ce ba ta ga abin rushewa ba.

Bazarar da ta biyo baya ita ce wadda har yanzu ake zancenta. Iskar teku ta taso, mai ɗumi da laima, irin wadda gumi ba ya bushewa a jiki. Gwamnati ta ba da hutu saboda zafi. Wata ranar Alhamis wutar gwamnati ta ɗauke tun da hantsi, kowa ya koma kan injin unguwa, kafin azahar injin ya ƙone. Ummu Kahtan ta daɗe da ciwon zuciya. Suka jiƙa zani suka lulluɓa mata, Zahra tana mata fifita da murfin tukunya, amma ruwan tankin kan rufi kansa ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Tsohuwar ta fara numfashi sama-sama, leɓɓanta suka canza launi.

Kahtan ya tafi neman ƙanƙara. Sundus ta kama uwarta, ita da Zahra, suka sa ta a mota. A asibiti mutane har kan matakala, wani ma'aikaci ya duba ta a tsaye ya ce zafi ne, a kai ta wuri mai sanyi a ba ta ruwa, gado babu. Wuri mai sanyi. Sundus ta tuƙa ta dawo unguwa, ta zaga titi bayan titi tana neman inuwar da za ta ajiye mota, babu. Kwalta tana walƙiya, gidaje sun ja da baya kowanne a cikin ranarsa. A ƙarshe ta raɓa jikin katangar masallaci, inda inuwar ba ta rufe ko rabin motar ba. Ta bar inji a kunne, ta ƙure na'urar sanyi, ta kwantar wa uwarta kujera.

Da ta duba gefe, sai ta ga ba su kaɗai ba ne. Motoci ne jere a bakin titi, duk inji yana aiki, kowace da tsoho ko jariri a ciki. Ustaz Falah yana cikin ta gabansu da jikarsa a cinya. Suka haɗa ido ta madubi, ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa.

Can numfashin tsohuwar ya daidaita. Ta buɗe ido ta dubi 'yarta.

"Kuka kike yi?"

"Gumi ne, Yumma."

"Gumi a ido? Ni na haife ki fa." Ta lalubo hannunta ta riƙe. "Ke kika kawo ranar? Ke kika ɗauke wutar?"

"Ni na sa hannu."

"Da ba ki sa ba da har yanzu muna gidan haya, mai gida yana buga mana ƙofa. Can ɗin sanyi gare shi? Rage wannan abin, ƙafafuna sun daskare."

Nan suka zauna har rana ta yi sanyi, man motar ya kusa ƙarewa. Kahtan ya same su da ƙanƙara da ta riga ta zama ruwa a leda. Ranar bai yi wasa ko ɗaya ba.

Ummu Kahtan ta tsallake bazarar, amma ba ta ƙara komawa daidai ba. Ta rasu da kaka, lokacin da ake yankan dabino. Likita ya ce zuciya ce, kuma shekaru sun ja. Babu wanda ya ambaci zafi, Sundus ma ba ta ambata ba.

Bayan an yi arba'in ta koma aiki, ta tarar an amince da kashi na biyu na unguwar. An ce na farko ya yi nasara, don haka za a maimaita shi yadda yake: tituna masu faɗi, bango ɗaya, da allo kore. Layinta ba ya ciki, don an ce mazauna sun nuna ba sa son tsakar gida. Wannan karon ta ajiye alƙalami ta ce a'a, kuma ba ta ɗaga murya ba. Abu Zaidun ya dube ta ya daɗe, ya ce, "Na gane, 'yar'uwata. Allah ya ji ƙan Hajiya." Kafin a tashi daga aiki wani abokin aikinta ya sa hannu. Ba a hukunta ta ba, ba wanda ya yi fushi da ita. An dai mayar da ita sashen sanya wa tituna suna da lamba, ofis mai shiru a ƙarshen baranda, kuma har yau a nan take.

Bana babbar 'yar Kahtan take rubuta jarrabawar fita sakandare, wadda ake yi a tsakiyar zafi. Ɗakin yaran yana sama, ƙarƙashin rufi, yarinyar takan yi karatu da jiƙaƙƙen tawul a ka har takardunta su jiƙe. Albashin malami ba zai ɗauki wata na'ura ba. Da aka biya Sundus albashi, ba ta gaya wa kowa ba, ta wuce kasuwa shagon masu kayan wuta. Ta daɗe tana karanta jikin kwalaye, har mai shagon ya gaji ya matso.

"Hajiya, me ake nema?"

"Wadda ba ta cin wuta sosai."

"Akwai. Amma ɗakin sama ne ko ƙasa? Bango ɗaya ne?"

"Sama. Bango ɗaya."

"To wannan wasa za ta yi miki. Irin ginin nan sai babba."

Ta san gaskiya ya faɗa, ta ma fi shi sani. Ta sayi babbar, aka ɗaura mata a bayan mota, ta tuƙa a hankali zuwa gida saboda ramukan hanya. Yarinyar ta ci jarrabawarta, tana so ta karanta haɗa magunguna.